FILIN ILMI DA KIMIYYA: Itacen da Ƙanƙara Ke Kai Wa Ƙasashen da Ba Su da Kurmi

A can ƙuryar arewacin duniya akwai waɗansu ƙasashe da tsibirai waɗanda tsananin sanyi ya hana su samun kurmi. A tsibiran Suwalbad, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Norwe, babu itacen da ya kai gwiwar mutum tsawo. A Girinlan da Aisilan kuwa itatuwan asali galibinsu 'yan ƙanana ne karkatattu, waɗanda ba su isa a yi azara ko ginshiƙi da su ba. Duk da haka, wanda ya bi gaɓar teku a waɗannan wurare zai tarar da gumagumai jibge, waɗansu har da saiwoyinsu, waɗansu kuwa da sawun zarto a jikinsu. To, daga wace ƙasa suka fito, kuma wace hanya suka biyo?

Wannan itace shi ne rufin asirin mazauna wuraren tun zamanin kakanni. Da shi Inuwit, watau mutanen Girinlan na asali, suka riƙa haɗa ƙashin kwale-kwalensu kafin su lulluɓe shi da fata, da shi kuma suka riƙa yin keken jan kaya a kan ƙanƙara da ƙotar mashi. Mutanen da suka zauna Aisilan tun wajen shekarar 874 da shi suka gina gidaje da jiragen ruwa da majami'u. Saboda darajarsa har tsohon littafin dokokin ƙasar ya tsara wanda ke da ikon mallakar abin da teku ta kawo kowace gaɓa, aka kuma riƙa gadon wannan iko kamar yadda ake gadon gona.

Wani haɗarin jirgi ne ya fara buɗe wa masana ido. Cikin shekarar 1879 wani jirgin ruwa na Amurka mai suna Jeannette ya maƙale cikin ƙanƙara a arewacin Siberiya, ƙanƙarar ta yi ta jan sa har ta murƙushe shi ya nutse cikin watan Yuni na 1881. Bayan shekara uku, watau cikin 1884, sai aka tsinci waɗansu tarkacen kayan jirgin a kan wani ɓangaren ƙanƙara a kudu maso yammacin Girinlan, a ɗaya gefen duniya ke nan. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Fridtjof Nansen, ya haɗa wannan labari da batun gumaguman da ake tsinta a Girinlan, ya ce lalle akwai wata hanyar ruwa da ke kwasar ƙanƙara daga Siberiya ta ƙetare tekun. Da yake gani ya kori ji, sai ya sa aka ƙera masa jirgi mai suna Fram, ya shigar da shi cikin ƙanƙara da gangan cikin 1893. Jirgin bai kuɓuta ba sai cikin watan Agusta na 1896, kusa da Suwalbad.

Tafiyar Fram ta tabbatar da hanya, amma ba ta nuna kurmin da kowane gungume ya fito ba. Wannan sai da aka koma ga jikin itacen kansa. A ƙasashen sanyi itace ba ya girma sai cikin 'yan watannin ɗumi, in ɗari ya shigo sai ya tsaya cik. Saboda haka kowace shekara yana ƙara zobe ɗaya a ƙarƙashin ɓawonsa, kuma in an yanka gungume a gicciye sai a ga zobban nan a jere, wani cikin wani. Shekarar da ɗumi ya wadata zobenta kan yi faɗi, wadda sanyi ya matsa kuwa nata kan zama siriri. Tun da itatuwan yanki ɗaya yanayi ɗaya suke sha, jerin faɗi da sirantar zobbansu yakan zo iri ɗaya, ya kuma bambanta da na wani yanki mai nisa.

Wanda ya kafa wannan ilmi shi ne A. E. Douglass, wani masanin taurari na Amurka, wanda ya buɗe ɗakin binciken zoben itace a Jami'ar Arizona cikin 1937. Wani ɗalibinsa, Louis Giddings, shi ne ya fara gwada dabarar a kan itacen da ruwa ya kawo gaɓar Alaska, cikin shekarun 1940. Daga baya, cikin shekarun 1990, Ólafur Eggertsson na Aisilan ya auna gumaguman ƙasarsu da na Suwalbad.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, a yanko faifai daga gungume, a goge fuskarsa har ta yi sumul, sa'an nan a auna faɗin kowane zobe a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Daga nan sai a kwatanta jerin da aka samu da jerin da aka riga aka tattara daga itatuwa masu rai a bakin manyan koguna, kamar su Yenisai da Lena a Siberiya, da Makenzi a Kanada, da Yukon a Alaska. Inda jeri biyu suka dace, can ne mahaifar itacen, kuma nan take a san shekarar kowane zobe. Sai dai ƙanƙara da duwatsu kan goge zobban waje, don haka zoben ƙarshe da aka gani yana nuna cewa itacen ya kai wannan shekara da rai, amma mai yiwuwa ya wuce ta.

Irin itacen ma shaida ne. Akwai wani irin itacen fayin da ke tsirowa a Turai da Siberiya, wanda ba ɗan asalin nahiyar Amurka ba ne, saboda haka duk inda aka tsince shi an san daga gabas ya zo. Itacen laci ya fi yawa a gabashin Siberiya, sifurus kuwa shi ya mamaye kurmin Kanada da Alaska. Cikin 2013 Lena Hellmann da Ulf Büntgen da abokan aikinsu suka bayyana sakamakon binciken gutsattsari fiye da 1,400 daga Girinlan da Suwalbad, suka tarar fayin ɗin nan ya fi kowane iri yawa. Binciken da suka biyo baya da shi ya nuna cewa galibinsa daga yankin kogin Yenisai ya fito.

Har wa yau an gano cewa kaso mai yawa na gumaguman nan ba ambaliya ce ta tumɓuke su ba, mutane ne suka sare su. A zamanin Tarayyar Sobiyet an riƙa sare kurmin tsakiyar Siberiya ana zuba gumagumai cikin kogi, ruwa ya kai su masana'antun katako irin na garin Igarka, wanda aka kafa cikin 1929. Da yawa sukan kuɓuce su faɗa teku. Asarar Rasha ta zama ribar manomin Aisilan, wanda ke samun turakun shingen gonarsa a bakin gaɓa ba tare da ya biya ko anini ba. Da aka bar wannan hanya ta jigilar katako a ƙarshen ƙarni na 20, sai wannan rabo ya ragu.

Babban abin lura a nan shi ne, gungume ba ya iya yin wannan tafiya shi kaɗai. Ruwa yana ratsa shi a hankali har ya yi nauyi ya nutse. Masana sun ƙiyasta cewa fayin da laci ba su cika wuce wata 10 a kan ruwa ba, sifurus kuwa wajen wata 17. Alhali tafiyar daga bakin kogunan Siberiya zuwa mashigin da ke tsakanin Girinlan da Suwalbad takan ci shekara biyu zuwa uku, ta itacen Kanada kuwa ta fi haka tsawo, domin ƙanƙarar wancan gefen kewayawa take yi kafin ta sami mafita. Ashe ke nan sai gungume ya daskare cikin ƙanƙara, ta goya shi, sa'an nan ya kai. Saboda haka kowane gungumen Siberiya da ke kwance a gaɓar Aisilan shaida ne cewa an yi ƙanƙara a kan hanya a zamaninsa. Da irin wannan shaida, tare da awon tsufan itace ta hanyar sinadarin kabon, masana suka tsara tarihin ƙanƙarar arewacin Girinlan na kimanin shekara 10,000, suka kuma bayyana shi cikin 2011.

Amfanin wannan tarihi babba ne, domin taurarin ɗan Adam ba su fara auna ƙanƙarar tekun arewa a kai a kai ba sai daga 1979. Abin da suka nuna kuwa mai tayar da hankali ne. A farkon shekarun 1980 ƙanƙarar da ke saura a watan Satumba takan kai murabba'in kilomita miliyan 7, amma cikin 2012 ta faɗi zuwa miliyan 3.4. Ta kuma yi rauni, iska na tura ta da sauri. Jirgin bincike na Jamus mai suna Polarstern, wanda ya kwaikwayi tafiyar Fram daga watan Oktoba na 2019, ya isa mashigin Girinlan cikin kimanin wata goma, abin da ya ci wa Fram kusan shekara uku.

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin 2021 wani bincike da Georgia Hole ta jagoranta ya nuna cewa sabon itacen da ke isa arewacin Suwalbad ya ragu ƙwarai cikin shekara 30 da suka gabaci binciken, daidai da raguwar ƙanƙara. Cikin 2022 kuma Tomáš Kolář na ƙasar Cek da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa, in ɗumamar duniya ta ci gaba da narkar da ƙanƙara kamar yadda ake ƙiyasi, itacen zai daina isa Aisilan wajen shekarar 2060. Kogunan Siberiya za su ci gaba da kwaso gumagumai kowace shekara, amma in ba su tarar da ƙanƙarar da za ta goya su ba, a ƙarƙashin teku za su ƙare, gaɓar da ta shekara fiye da dubu tana ciyar da magina da masassaƙa kuma ta zauna wayam.