Mu Gina Rumbun Bayanai da Hannunmu, Haddar Ma'anarsa Ba Ta Isa Ba



Idan aka tambayi ɗan ajin SS2 mene ne rumbun bayanai, nan take zai zazzago ma'anarsa kamar yadda aka rubuta a allo. Amma a ce ya nuna guda ɗaya da ya taɓa haɗawa, sai ka ji tsit. Ra'ayina shi ne a ware mana rana ɗaya a zangon nan mu gina shi daga tushe.

Abin ma yana cikin aljihunmu. Kowace wayar Android tana ɗauke da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite, kuma a cikinsa WhatsApp ke ajiye saƙonninmu. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fito da shi a shekarar 2000, ya rubuta shi da harshen C, ya kuma bar wa duniya kyauta. Kowa na iya ɗauko rubutunsa na asali, ya karanta, ya gyara, ba a biyan ko sisi.

Mene ne ginawa daga tushe? Manhajar da aka gama haɗawa kamar rigar kanti ce. Rubutun asali kuwa yadi ne, kai ne tela. A kwamfuta mai Linux matakai uku ne. Umarnin configure shi ne awo: yana duba irin na'urarka da kayan aikin da ke cikinta. Umarnin make shi ne ɗinki: yana kiran manhajar gcc ta juya rubutun zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Sai make install, wanda ke kai abin da aka gina wurin da sauran manhajoji za su same shi. Idan wani abu ya ɓace, kwamfutar za ta tsaya ta faɗi abin da ta rasa. Karanta wannan saƙo da gano maganinsa shi ne babban darasin.

Wani zai ce a Fakku ina wuta, ina sabis? Gaskiya ne, amma kunshin rubutun SQLite bai kai megabait 5 ba. Mutum ɗaya ya sauko da shi da gcc idan ya shiga Tambuwal ko Kebbe, sauran mu kwafa da filashi. Bayan haka ba ya bukatar intanet, domin duk bayanan a fayil ɗaya yake tara su. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya da aka caja da sola ta ishi aji.

Wani kuma zai ce jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar wannan. To, ai wanda ya zana tebur da hannunsa, ya zuba sunaye, ya nemo su, ba zai manta mene ne layi da ginshiƙi ba a ɗakin jarrabawa. Gani ya kori ji. Kuma duk mai burin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai tarar da irin wannan aiki yana jiransa.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamin kwamfuta: a ba mu Asabar ɗaya. Aikinmu na farko shi ne rajistar littattafan laburare, a san wa ya ara, yaushe zai dawo da shi. Masu sha'awa su ba da sunayensu ga sakataren kulob kafin Alhamis.

Daga wakilin Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji SS2