Darasin tsibirin Lete

A ƙasar Arewa, idan manoma biyu suka yi gardama kan iyakar gona, sai su tafi wurin maigari. A tara dattawa, a duba inda gamba ta tsaya, a raba gardama. Ƙasashe maƙwabta ma haka ya kamata su yi. Labarin tsibirin Lete ya isa misali.

Lete yana tsakiyar kogin Isa, ba nisa da Gaya. Fulanin Nijar suna kiwo a cikinsa, manoman Dahome suna shuka. Faransawa sun tafi a 1960, ba su bar iyaka bayyananna cikin kogin ba. Kowace ƙasa ta ce tsibirin nata ne.

Alhali kuwa ƙasashen biyu ƙawaye ne. Tun 1959 suna cikin ƙungiya ɗaya, ta Antanti. Kayan Nijar suna sauka a Kwatanu, jirgin ƙasa ya kai su Paraku, motoci su ƙetare gadar Gaya da su, su bi ta Doso da Dogon Dutsi.

A watan Disamba na 1963 zukata suka ɓaci. Gwamnatin Jori Hamani ta kori dubban ƴan Dahome, cikinsu har da akawuna da malamai. Dahome kuma ta tsare hanya. Wa ya ji a jikinsa? Ɗan makaranta da ya rasa malami, da ɗan kasuwa da kayansa suka maƙale, da iyalin da suka kwashe tarkace cikin gaggawa. Tsibiri kuwa yana nan inda yake.

A watan Janairu na 1965 shugabannin suka zauna a Yamusukuro. Suka yarda mutanen ɓangarorin biyu su ci gaba da zama a Lete. A 2001 Nijar da Benin, wato Dahome ta dā, suka amince su kai maganar kotun duniya. A 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16, har da Lete, ta ba Benin 9. Kowa ya karɓi hukunci.

Wani zai ce shekara arba'in ta yi yawa wajen jira. Gaskiya ne. Amma a cikin shekarun nan an yi noma, an yi kiwo, an yi fatauci. Da yaƙi aka yi, da kaburbura aka bari.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. A 2023 an sake rufe iyakar Gaya, abinci ya yi tsada har a kasuwannin Dutsi da Tibiri. Ɗan makarantar yau shi ne mai mulkin gobe. Ya riƙe wannan: ana sauya aboki, amma ƙasa ba ta sauya maƙwabta.