Uwa Ta Koma Makaranta: Wa Zai Riƙe Yaro?

Tun daga shekarar 2018, lokacin da aka buɗe ginin Makarantar Koyon Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda Alhaji Aliko Ɗangote ya kashe wa naira biliyan 1.2, karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato wanda aka fi sani da MBA, ya ƙara shiga bakin jama'a a wannan jiha. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana koyar da shi, har da ta hanyar karatu daga nesa, haka kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. A da, in an ambaci wannan karatu, manajojin banki da manyan ma'aikatan birni ne ke zuwa wa mutum a rai. Yanzu kuwa 'ya'yanmu mata da suka taso a ƙauyuka irin na yankin Watari, suka yi digiri, suka kama aikin koyarwa ko na asibiti ko na ƙaramar hukuma, su ma sun fara tambayar kuɗin fom. Da yawansu matan aure ne, wasu da ciki, wasu da goyo. Abin da muke so mu duba a yau, 'yan'uwa masu karatu, shi ne wanda ke riƙe yaro sa'ad da uwa take cikin aji, da kuma abin da wannan riƙo yake jawo wa mai yin sa.

Ba haɗari ba ne da karatun nan ke cin karo da haihuwa. Kafin a karɓi mutum, sai ya zo da digiri na farko, ko babbar difloma tare da diflomar bayan digiri, da kuma takardar gama bautar ƙasa ko ta yafe masa ita. Yarinyar da ta bi wannan hanya ba tare da tuntuɓe ba, kafin ta kai ƙofar digiri na biyu takan kusa shekara ashirin da biyar. Tuntuɓen kuwa ba ya ƙarewa: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ke nan daidai lokacin da ta cancanci karatun, daidai lokacin ne take haihuwar fari da ta biyu. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, a kan matsakaici, mace takan haifi 'ya'ya 6.6 a rayuwarta. Wanda ya ce mata ta jira sai ta gama haihuwa, ya ce mata ta jira shekara goma sha biyar ke nan ko fiye, kuma ba kowa ke komawa aji bayan wannan tazara ba.

Wani zai ce, ina ruwan Watari da digirin kasuwanci? Ruwanta da shi babba ne. Madatsar ruwan Watari da ke Ƙaramar Hukumar Bagwai tana cikin jerin waɗanda aka gina a Jihar Kano a shekarun 1970, kuma albarkacinta ana noman rani na shinkafa da masara da tumatir da albasa. Kowane manomi a wurin ya san ciwon da ke cikin wannan sana'a. Tumatir kan nuna a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi ƙasa, dillali ya saya yadda ya ga dama. Hatsi kan fita da araha lokacin kaka zuwa kasuwar Dawanau, ya dawo da tsada lokacin damina. Mata su ne ke turara shinkafa, su yi man gyaɗa da ƙuliƙuli, su riƙe adashi, amma da wuya ka sami ƙungiyarsu da ke da littafin lissafi wanda banki zai duba ya ba da rance a kansa. Makarantu da ƙananan asibitocin ikilisiyoyinmu su ma sau da yawa rashin mai iya tsara kuɗi ne ke durƙusar da su. Macen da ta koyi lissafin kuɗi da tsarin kasuwa da yadda ake rubuta takardar neman jari, in ta dawo gida, amfaninta ya wuce ɗakinta. Saboda haka ba mu cikin masu cewa karatun nan almubazzaranci ne ga matar ƙauye.

Sai dai karatun yana da tsada ta fuska biyu, kuɗi da lokaci. Yawancin masu yin sa ma'aikata ne, shi ya sa ake sa darussa da yamma ko a ƙarshen mako. Mai zaune a Bagwai ko Bichi sai ta tashi da asuba ta nemi mota zuwa Kano, ta dawo bayan faɗuwar rana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Karatu daga nesa ya rage tafiya, amma yana bukatar waya mai kyau da data da wutar caji, kuma ba ya hana yaro kuka lokacin da malami ke bayani. Ga aikin rukuni, ga jarrabawa, ga kundin bincike a ƙarshe. A gefe guda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida, abin da ke nufin uwa ba za ta yi nisa da shi na tsawon yini ba.

Idan muka duba doka, za mu ga ta tuna da ma'aikaciya ta manta da ɗaliba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin aikin, sannan ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun hutun da ya fi haka tsawo, kuma a 2021 aka amince wa mazansu da hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida. Duk wannan a wurin aiki ne. A makaranta, abin da mai jego kan samu shi ne ta rubuta takarda ta nemi a ɗage mata karatu, wato ta rasa zango ko shekara, ta rabu da 'yan ajinta. Wadda ta haihu ana saura mako biyu jarrabawa, ko arba'in ba ta yi ba za ta zaɓa tsakanin lafiyarta da kuɗin da ta riga ta biya. A Amurka, wata doka ta 1972 ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambancin jinsi, kuma a ƙarƙashinta ana ɗaukar rashin zuwa aji saboda haihuwa a matsayin uzuri, a mayar da ɗaliba inda ta tsaya. Irin wannan ƙa'ida ba ta bukatar sabon gini, rubutu kawai take bukata a littafin dokokin jami'a.

Tun da doka ba ta riƙe yaro, gida ne ke riƙe shi, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Haɗa sana'a da raino ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina da kuma Dorayi kusa da Kano, ta rubuta a 1969 a kan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu, wanda ba a ganinsa a kasuwa alhali yana juya hatsi da kuɗi masu yawa. Enid Schildkrout, da ta yi nata binciken a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan ciniki a kan ƙafar yara yake tafiya, musamman 'yan mata masu talla da aike. Wato tun da daɗewa, duk lokacin da uwa ta sami sararin neman na kanta, akwai wata ƙaramar yarinya da ta ba da nata lokacin.

Abin da muke gani yau shi ne wannan tsohuwar hanya ta sake shiga. Mace ta sami gurbin karatu, sai a aika ƙauye a ɗauko ƙanwa ko 'yar ƙanen miji ko 'yar maƙwabta mai shekara goma ko sha biyu, a ce ta zo ta taya raino. Alkawarin da ake yi wa iyayenta kullum ɗaya ne, za a sa ta makaranta mai kyau. Amma ranar Asabar ita ce ke zaune a baranda da goyo tana jiran a fito a shayar, ranar Litinin kuma in yaro ya kwana da zazzaɓi ita ce ke fashin makaranta. Kafin uwar ɗakinta ta karɓi takardar digiri, ita ta yi asarar aji ɗaya ko biyu, wata ma ba ta ƙara komawa. Wannan yana faruwa a jihar da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, a ƙasar da dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta. Kano tana cikin jihohi bakwai na farko da shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara da su a 2020 domin tsayar da 'yan mata a sakandare. In gida ya ƙaru da mai digiri na biyu, dangi kuma suka rasa yarinya ɗaya daga aji shida, an yi tufka da warwara.

Akwai kuma darasin da ya kamata mazaje su ji. Masana uku, Marianne Bertrand da Claudia Goldin da Lawrence Katz, sun bi sawun waɗanda suka gama wannan digiri a Jami'ar Chicago daga 1990 zuwa 2006, suka buga sakamakon a 2010. Sun tarar maza da mata suna fara aiki da albashi kusan ɗaya, amma bayan shekara goma da ɗoriya maza sun yi musu nisa ƙwarai, kuma babban dalili shi ne katsewar aiki da raguwar awoyin aiki da ke biyo bayan haihuwa. Ita Goldin ta sami lambar Nobel a 2023 saboda bincikenta a kan mata da aiki. In a ƙasar da ke da wuta da ruwan famfo raino ya iya cinye ribar digiri, me za a ce da inda ake ɗebo ruwa a rijiya, a dafa da itace? Maigidan da ya biya kuɗin makaranta ya naɗe hannu, rabin aiki ya yi.

To, mene ne abin yi? Na farko yana wuyan maigida. Kafin a sayi fom, miji da mata su zauna su ƙirga ranakun karatu ɗaya bayan ɗaya, su san wanda zai kasance da yara a kowace rana, kuma sunan mijin ya fito a cikin jerin. Uban da ya yi wa ɗansa wanka ko ya ɗumama tuwo ranar Asabar bai rage komai daga girmansa ba. Su kuma yi magana a kan tazarar haihuwa, su nemi shawarar ma'aikatan lafiya, domin karatun shekara biyu da ciki biyu a cikinsa yakan koma shekara huɗu. In dole sai an ɗauko mai taya raino, a nemi babbar mace, a yi yarjejeniya a biya ta haƙƙinta, a sa kuɗin cikin kasafin karatu kamar yadda ake sa kuɗin littafi. Kakar da ta karɓi jika ita ma a tuna tana da gona da sana'arta, kada a mai da alherinta dole.

Na biyu yana wuyan ikilisiya. Ɗakunan makarantar Lahadi a kulle suke kwana shida a mako. Zumuntar Mata, wadda ta saba tara kuɗi domin biki da jana'iza da ziyarar marasa lafiya, za ta iya tsara wurin raino na ranar Asabar, mata biyu ko uku manya suna karɓa-karɓa, iyaye suna ba da ɗan abin da aka yanka. Amfanin ba zai tsaya ga mai digiri kaɗai ba, domin mai zuwa Kwalejin Ilimi ta Bichi da mai koyon ɗinki da mai kai kaya kasuwa duk ciwonsu ɗaya ne. Dattawa kuma, in sun ga an kawo yarinya sabuwa gidan wani ɗan'uwa, su tambaya wane aji take, su sake tambaya bayan wata uku. Iyayen da ke ba da 'ya'yansu riƙo su riƙa neman ganin takardar sakamakon kowane zango.

Na uku yana wuyan jami'o'i da gwamnati. Makarantar da ke karɓar kuɗi masu kauri daga ɗaliban kasuwanci ba za ta gaza ware ɗaki ɗaya mai tsabta kusa da aji domin shayarwa da raino ba. A rubuta ƙa'ida a fili cewa wadda haihuwa ta hana jarrabawa za ta rubuta ta daga baya ba tare da sabon biya ba. A fitar da jadawalin zango da wuri, a daina sauya ranar darasi da saƙon waya cikin dare, domin mai fitowa daga ƙauye da goyo ba ta da halin juya tafiya nan take. Gwamnatin jiha kuma ta dubi abin da Kaduna ta yi a kan hutun haihuwa, ta kuma saukaka wa ma'aikata mata samun hutun ƙaro karatu.

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Karatun uwa jinka ce mai nauyi, kuma muna so a ɗora ta, domin yankin Watari na bukatar mata masu iya riƙe littafin kuɗi kamar yadda yake bukatar ruwan madatsa. Roƙonmu shi ne hannayen da za su ɗaga ta su zama na manya, wato miji da dangi da ikilisiya da hukuma. Ranar da za a yi bikin karɓar digiri, a duba cikin taron a ga yarinyar da ta yi rainon, a tambaye ta aji nawa take. Allah ya ba mu ikon yin adalci ga babba da yaro.