Tiyon bayi na ɗiga? Uwargida, ga yadda za ki tsayar da shi

Yau bayi za mu shiga, mu leƙa bayan masai na zama, wajen ɗan tiyon nan da ke kai ruwa daga bango zuwa tankin da ake dannawa a kora.

A Karare da sauran garuruwan Batsari da Safana, masan rami da buta aka fi sani. Amma sababbin gine-gine sun fara zuwa da masan zama, kuma ruwansa daga tankin sama yake saukowa, wanda ko an ja da inji daga burtsatse, ko an saya wajen 'yan ga-ruwa. Ruwan da aka biya kuɗi ko aka ƙona mai kafin a same shi bai kamata ya ƙare a daɓen bayi ba, balle da rani da rijiyoyi ke ja baya.

Kada ki raina ɗigon. Ajiye kofi mai cin rabin lita a ƙarƙashinsa, ki duba agogo. In ya cika cikin awa ɗaya, lita 12 ke tafiya a kwana guda, wato kusan jarka mai lita 25 duk kwana biyu. Da yayyafi kogi kan cika. Ga kuma santsin tayil da kan kayar da yaro, ko tsohuwa, ko mai juna biyu, ga laimar da ke cin gindin bango. Ruwan tiyon nan dai mai tsabta ne, bai kai ga masai ba tukuna, don haka kada ƙyama ta hana ki taɓa shi.

Da farko rufe ruwan. Inda tiyon ya fito daga bango akwai ɗan makulli. Juya shi dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya. In ya ƙafe ya ƙi motsi, kada ki yi masa ƙarfi, je ki rufe babban makullin da ke gindin tankin sama. Ko nan kaɗai kika tsaya kin tsayar da asara, sai a riƙa kora masai da bokiti kafin a gyara.

Sai ki gano inda yake fitowa. Goge tiyon da tsumma ya bushe ƙarau, ki buɗe ruwan kaɗan, ki bi shi da busasshiyar takarda daga sama zuwa ƙasa. Ruwa ƙasa yake gangarowa, saboda haka wurin da ya fara jiƙa takardar daga sama, nan ne ciwon yake. Yawanci ɗaya ne cikin huɗu: notin sama da ke manne da tanki, notin ƙasa da ke kan makulli, jikin tiyon kansa, ko inda makullin ya shiga bango.

In a noti ne, fara ɗaure shi da hannu. Bai tsaya ba? Ƙara da sifana kaɗan, kamar kwatan zagaye, ki dakata. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki, domin bakin da ke ƙarƙashin tanki galibi na roba ne, in aka matse shi da yawa sai ya tsage, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na babba.

In har yanzu yana ɗiga, rufe ruwa, ki danna tankin ya zube, ki sa roba a ƙasa, ki kwance notin. A cikinsa akwai wata 'yar baƙar roba mai kama da zobe, wadda masu gyara ke kira washa. Ita ce ke tare ruwan, ba ƙarfin ɗauri ba. In ta bushe, ko ta tsage, ko yashin burtsatse ya maƙale mata, ruwa zai sami hanya. Wanke bakin, ki sa sabuwa, ki mayar da notin a miƙe. In kin ji ya cije tun a zagayen farko, ya hau a karkace ne, warware ki sake.

In jikin tiyon ne ya yi tsatsa, ko ya kumbura, ko ya lanƙwashe, ba a ɗaure shi da leda ko robar taya. Sabo ake sawa. Ba maigida ko yaro tsohon ya tafi da shi shagon kayan famfo a Batsari ko Katsina, don a dace da tsawo da faɗin baki. Yawanci rabin inci ne. A zaɓi wanda ya ɗan fi tsohon tsawo, don kada ya zauna a ɗame. A haɗo da washa biyu ko uku a ajiye a gida.

Farin tef ɗin nan na famfo kuwa, ba a kan notin tiyo ake naɗa shi ba, tunda akwai washa. Wurinsa shi ne inda makulli ke shiga bututun bango. In nan ne ke zubar da ruwa, ko tankin ne ya tsage, ko kika ga bango na jiƙewa daga ciki, rufe babban makulli ki sa a kira mai gyaran famfo. Faɗa masa ainihin wurin tun a waya, ko ki tura masa hoto ta WhatsApp, don ya taho da kayan da suka dace, kada ya yi zuwa biyu.

Bayan kin gama, buɗe ruwa a hankali, ki shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa ya kwana. In gari ya waye ba tabon ruwa, aiki ya yi. Ki riƙa kai hannu bayan masan nan duk ranar da kike wanke bayi.