Tsofaffin dardumai na Turkiyya a Washington: Ta wace hanya suka baro masallatai?

A 1925 George Hewitt Myers ya buɗe gidan adana saƙe-saƙe na Textile Museum a birnin Washington da dardumai 275. Tun 2015 gidan ya koma Jami'ar George Washington, kuma dardumai na zamanin Daular Usmaniyya na cikin kayan da masana ke zuwa nazari a can.

Ana gane dardumar Turkiyya da ƙullinta, domin masaƙa kan naɗe zaren ulu a jikin zare biyu, abin da ke ƙara mata ƙarko. Waɗanda aka saƙa a yankin Ushak sun shiga fadojin Turai, har ake kiran wasu samfurori da sunayen masu zanen da suka nuna su, wato Holbein da Lotto.

Sai dai da yawa daga cikin mafiya tsufa sun tsira ne saboda an ba da su waƙafi ga masallatai, kamar na ƙarni na 13 da aka gano a masallacin Alaeddin na Konya a 1905. Da dillalai suka fahimci darajarsu, sata ta yawaita, lamarin da ya sa aka tattara su a gidan tarihin da aka buɗe a Santambul a 1914.

A 2021 Amurka da Turkiyya sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita shigar da kayan tarihin Turkiyya cikin Amurka. Don haka mai sayen tsohuwar darduma a yau na buƙatar takardar asalinta, tun kafin ya tsaya duba launi da ƙulli.