Kun Iya Lallashin Gona, Matan Gida Fa?

Wanda ya bi hanyar Zariya da rani, ya wuce Kura ya nufi Kadawa, zai ga aikin haƙuri da idonsa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma ko yaro ya san ba a sakar wa gona ruwa da ka. Sai an yi kaftu, an daidaita ƙasa, an yanka fangali, sannan a bar ruwa ya shiga a hankali.

To, malam manomi, da kai nake. Kai da kake kwana a bakin magudana kana jiran layin ruwa, kai ne kake shiga ɗakin matarka ba hira, ba wasa, ka biya buƙatarka ka juya baya kana minshari. Gari ya waye kuma ka zauna a teburin mai shayi kana cewa matan yanzu ba su da ni'ima. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Dubi yadda muka ɗaure mace. Tun tana ƙarama ake nuna mata cewa sha'awa ta maza ce, 'yar mutunci ba ta jin komai. An kai ta ɗaki, in ta buɗe baki ta faɗi abin da take so, ka zare ido: "A ina kika koyo?" In ta yi shiru ta kwanta, ka ce kamar gungume. Ta ina za ta fita? Matar da ta yini a gaban tukunya tana turara shinkafa, hayaƙi a ido, goyo a baya, ga tsoron kada a kira ta marar kunya, da wace zuciya za ta sake?

Masana sun auna wannan abu. A 2010 wata mai bincike a ƙasar Kanada, Meredith Chivers, da abokan aikinta suka tattara bincike 132, suna kwatanta motsin jiki da abin da mutum ya ce yana ji a ransa. A wurin maza biyun sun fi tafiya tare. A wurin mata dacewar ta yi ƙasa sosai: jiki na iya nuna alama alhali rai bai so ba, rai na iya so jiki bai amsa ba tukuna. Ke nan danshin da kake auna ni'ima da shi ba shaidar yarda ba ne, rashinsa kuma ba shaidar ƙiyayya ba ne. Shayarwa, wasu magunguna da ɗaukewar al'ada duk suna kawo bushewa. Kafin nan, a 2000, likita Rosemary Basson ta bayyana cewa mata da yawa sha'awarsu ba ta fara zuwa da kanta, sai ta biyo bayan kusanci da natsuwa. Mai ban ruwa bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba.

Amma me muke yi? Kuɗin tumatirin Kwanar Gafan ya shigo, sai a nufi mai lasifika a sayo maganin ƙarfin maza. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ana zuba musu sinadarin da ke cikin Viagra a ɓoye. Sinadarin nan jijiyoyin jini yake buɗewa, ba ya saka so a zuciyar kowa, kuma ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini har lahira. Wani kuma Tramol yake haɗiya don ya jure aikin rana ya kuma daɗe da dare, a ƙarshe ta kashe masa sha'awar gaba ɗaya. Shi ma namijin ɗaurarre ne, gaskiya: an koya masa cewa in jiki ya gaza sau ɗaya mazantaka ta tafi, shi ya sa ya gwammace ya ce sammu aka yi masa da ya je a duba shi, alhali ciwon suga da hawan jini na cikin manyan dalilan rauni.

Ita kuma a tura ta neman kayan mata. Gumba da tsimi dai abinci ne. Amma matsin da ake cusawa, wanda ba a san abin da aka haɗa ba, yana ƙona fata ya buɗe ƙofar ciwo, kwanciya ta koma azaba, kai kuma ka ce ta raina ka, ka fara zancen ƙarin aure.

Kada ka fake da addini. Aya ta 223 ta Suratul Baƙara da gona ta kwatanta mata, kai kuwa ka fi kowa sanin haƙƙin gona. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa miji nasiha a littafinsa Ihya'u da ya gabatar da wasa da tattausan lafazi, kuma kada ya tashi sai ita ma ta samu biyan buƙata. Malaman da muke alfahari da su ba su ji kunyar faɗa ba.

In jikinka ya fara ba ka matsala, je asibiti a auna jininka da suga kafin ka sayi ko ƙulli ɗaya. Yau da dare kuma, kafin ka miƙa hannu, tambaye ta abin da take so, ka yi shiru ka saurara, kuma kada ka ce a ina ta koyo.