A Kammala Maganin Tarin Fuka

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin waɗanda gwajin majina ya nuna suna da tarin fuka. Cutar tana warkewa, kuma a Najeriya kyauta ake ba da maganinta a asibitocin gwamnati.

Wata 6 ake yi ana sha kullum: haɗin magani huɗu a wata 2 na farko, sannan biyu a sauran wata 4. Fitsari zai yi ja-ja, kada a tsorata, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan. Amma in idanu suka yi ɗorawa, ko gani ya dushe, a garzaya asibiti.

Inda ake samun matsala shi ne, da tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, sai mutum ya watsar da magani. Nan cutar ke dawowa da taurin kai, maganinta ya ƙara tsawo da wahala. Don haka a riƙa komawa awon majina a ranakun da aka sanya, a yi gwajin ƙanjamau, a kai mutanen gida a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5. A kuma bar tagogi a buɗe.

'Yan'uwa, ku daina ƙyamar majinyaci, ku riƙa tuna masa shan magani. Allah Ya ba mu lafiya.

Daga mai karatu,
Zariya